Kolajin, tabo da bilicin: yadda saƙar da ke cikin fata ke juya ƙwayoyin halitta

Shin kolajin ɗin da ake kaɗawa a shayi ko ake shafawa a fuska yana zuwa ya cike gurbin wanda fata ta rasa? Tambayar ta zama dole, domin da wuya mutum ya leƙa TikTok ko Instagram a kwanakin nan bai ci karo da mai tallar garin kolajin ko sabulunsa ko mansa ba. Alkawarin kuma ɗaya ne: fata za ta cika, ta yi sulɓi, tamoji su ɓace. Wasu ma na cewa ba sai an sayi na gwangwani ba, a dage da cin ganda da ƙafar saniya kawai.

Tunanin da ke bayan wannan talla shi ne kolajin ciko ne, idan ya ragu sai a ƙara. Abin da masu bincike suka tattaro cikin shekaru 40 da suka wuce ya nuna lamarin ya fi haka zurfi. Kolajin da sauran zaruruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halittar fata suna faɗa wa ƙwayoyin abin da za su yi, har suna taɓa umarnin gado da ke cikinsu. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa hujin kunne ke zame wa wata yarinya ƙaton tsiro, da dalilin da ya sa man bilicin ke kawo nankarwa, da abin da ke hana gyambon mai ciwon sukari warkewa.

Abin da ke ƙarƙashin abin da ido ke gani

Fata hawa biyu ce. Hawan sama siriri ne, cike yake da ƙwayoyin halitta manne da juna, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Ana haifar sababbin ƙwayoyi a can gindinsa, su yi ta tasowa suna taurara har su mutu su zube, tafiyar da ke ɗaukar kamar wata guda ko ɗan fiye da haka.

Hawan ƙasa ya fi kauri nesa ba kusa ba, kuma ƙwayoyin halitta kaɗan ne a cikinsa. Yawancinsa saƙa ce: zaren kolajin mai ba da ƙarfi, wanda ya kai kashi 70 cikin 100 ko fiye na nauyin wannan hawa idan aka cire ruwa; zaren elastin mai sa fata ta koma yadda take bayan an ja ta; sai wani abu mai yauƙi da ke riƙe ruwa a tsakankaninsu. Masu yin wannan saƙa wasu ƙwayoyi ne da likitoci ke kira faibirobilas. A nan za mu kira su masaƙa. Tsakanin hawan biyu kuma akwai wata siririyar shimfiɗa da aka yi da furotin laminin da wasu nau'o'in kolajin na musamman. A kanta ne ƙwayoyin gindin hawan sama suke tsaye.

Sai umarnin gado. A cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta akwai DNA, mai ɗauke da umarni kusan 20,000 na yin furotin. Ƙwayar fata da ta hanta da ta ƙwaƙwalwar mutum ɗaya duk umarnin da ke cikinsu iri ɗaya ne. Bambancinsu yana ga wanne aka buɗe ake aiki da shi, wanne aka kulle. To wa ke buɗewa, wa ke kullewa? An daɗe ana ganin aikin sinadaran homon ne da makamantansu masu yawo a jini. Ita saƙa an ɗauke ta wurin zama kawai.

Matar da ta ce saƙa na ba da umarni

A 1982 Mina Bissell, 'yar asalin Iran mai bincike a Berkeley ta Amurka, ta fito da hujjar cewa saƙa da ƙwayar halitta suna musayar saƙo: ƙwaya ta gina saƙa, saƙar ta juyo ta sauya umarnin da ƙwayar ke buɗewa, ƙwayar ta sake gina saƙa daidai da sabon umarnin, haka abin ke ta zagayawa. Ba kowa ya karɓi maganar a lokacin ba.

Gwajinta a kan ƙwayoyin mama na ɓera ne, mama kuwa daga fata yake samo asali tun halitta na ciki. Idan aka baza ƙwayoyin a kan faranti na roba, sai su baje su kusan daina yin furotin ɗin nono, ko da an ba su homon ɗin da ke sa nono ya zo. Idan aka zuba su cikin wani abu mai laushi mai ɗauke da laminin, sai su dunƙule su yi 'yan jakunkuna, su fara fitar da nono. Ƙwayoyin ba su sauya ba, homon bai sauya ba, abin da suke riƙe da shi ne ya sauya. A 1997 ita da abokan aikinta suka ƙara gaba: suka ɗauki ƙwayoyin kansar mama ta ɗan Adam, suka toshe wata kafa da suke kama saƙa da ita, sai ga ƙwayoyin sun lafa sun koma suna jeruwa kusan kamar lafiyayyu, alhali ɓarnar da ke cikin DNA ɗinsu tana nan daram.

Yadda saƙon ke isa cibiya

A jikin kowace ƙwaya akwai wasu furotin da suka ratsa bangonta, kai ɗaya a waje, kai ɗaya a ciki. Sunansu intagirin, kuma ɗan Adam na da iri 24. Kan waje yana kama kolajin ko laminin. Kan ciki yana haɗe da wasu siraran igiyoyi da suka ratsa cikin ƙwayar har suka dangana da bangon cibiyarta. Richard Hynes da Erkki Ruoslahti da Timothy Springer sun sami lambar yabo ta Lasker a 2022 saboda gano su.

Ƙwaya ba ta tsaya ga kamawa ba, tana ja. Idan ta ja ta ji abin da ta kama yana da tauri, igiyoyin cikinta su ɗame, ta baje. Idan ta ja ta ji sako-sako, sai ta tsuke. Mai kiɗan kalangu ya san wannan: fatar kalangun ɗaya ce, maɗokin ɗaya ne, amma idan ya matse igiyoyin a hammata sai murya ta hau, idan ya sassauta ta sauka. Haka ɗamewa da sassauci ke sauya abin da ƙwaya ke fitarwa.

A 2006 Adam Engler da Dennis Discher na Jami'ar Pennsylvania suka nuna girman abin. Sun ɗauki ƙwayoyin tushe daga ɓargo, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, suka ɗora su a kan shimfiɗu masu taurin daban-daban. Na kan mai laushi ƙwarai suka fara buɗe umarnin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, na kan matsakaiciya suka karkata ga na tsoka, na kan mai tauri suka nufi na ƙashi. A 2011 kuma Stefano Piccolo da ɗalibansa a Jami'ar Paduwa ta Italiya suka gano manyan 'yan aiken wannan saƙo, furotin biyu masu suna YAP da TAZ. Idan ƙwaya na kan abu mai tauri ta ɗame, su biyun sai su shige cibiya su buɗe umarnin hayayyafa da na yin saƙa. Idan tana kan mai laushi, sai su tsaya a waje.

Akwai hanya ta biyu. Saƙa na ajiye wasu sinadarai masu ba da umarni a ɗaure a jikinta, babbansu shi ne TGF-beta, wanda ke sa masaƙa su zuba kolajin. Yana nan a kulle cikin kwanso har sai ƙwaya ta kama kwanson ta ja. Idan saƙar mai tauri ce, jan zai buɗe kwanson, sinadarin ya fito. Idan mai laushi ce, kwanson ya biyo jan ba tare da ya buɗe ba. A riƙe wannan, za a buƙace shi idan an zo maganar tabo.

Riƙo shi ne rayuwar hawan sama

Howard Green, wanda shi da James Rheinwald suka fara iya raino ƙwayoyin fatar ɗan Adam a ɗakin gwaji a 1975, ya lura cewa idan aka hana su abin kamawa aka bar su suna reto cikin ruwa mai kauri, sai su daina hayayyafa su fara taurara irin na waɗanda suka kusa zubewa. Fiona Watt a Landan ta bi sawun wannan. A 1988 ta ɗora ƙwayoyin a kan 'yan filaye masu girma daban-daban: wadda ta sami fili mai faɗi ta baje ta ci gaba da hayayyafa, wadda aka matse a ƙaramin wuri ta dunƙule ta kama hanyar taurara. Ke nan abin da ke faɗa wa ƙwayar fata cewa lokacin tashi sama ya yi shi ne sakin shimfiɗar da take tsaye a kai.

Duk baƙar fata ya san tafin hannunsa da na ƙafarsa sun fi sauran jikinsa haske da kauri. A 2004 Yuji Yamaguchi da Vincent Hearing, a babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka nuna cewa masaƙan da ke ƙarƙashin tafi suna fitar da wani furotin mai suna DKK1 da yawa. Yana ratsawa zuwa hawan sama, ya danne ƙwayoyin da ke yin launi, ya kuma sa sauran su yi kauri. Hasken tafin hannu daga ƙasa aka turo shi.

Babu inda darajar wannan riƙo ta fito fili kamar a wata cutar gado da ake haihuwar yara da ita, inda fata ke salewa ta yi bororo da an ɗan goge ta. A wasu nau'o'inta masu tsanani, kuskure ne a umarnin laminin ko na kolajin mai lamba 7, masu ɗaure hawan sama da na ƙasa. A nau'in da ya shafi kolajin 7, raunin da ba ya ƙarewa yana taurara saƙa har yatsu su manne da juna, kuma da yawa daga cikin masu shi kansar fata mai zafi ke kama su tun suna samari. A 2015 aka kwantar da wani yaro ɗan shekara 7, ɗan gudun hijira daga Siriya, a asibitin Bochum na Jamus, ya rasa yawancin fatarsa saboda kuskuren laminin. Michele De Luca na Modena ta Italiya ya ɗauki ɗan guntun fatar yaron, ya sa wa ƙwayoyin lafiyayyen umarni, ya raino su, aka dasa masa a kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa. Fatar ta kama, yaron ya tashi ya shiga makaranta.

Tsufa, rana da sukari

A fatar matashi masaƙa a miƙe suke, sun kama zaren kolajin ta ko'ina suna ja. Gary Fisher da John Voorhees da James Varani na Jami'ar Mishigan sun shafe shekaru suna duba abin da ke faruwa daga baya. A 1996 suka nuna cewa hasken rana mai ƙuna, ko da bai kai ya sa fata ta yi ja ba, yana buɗe umarnin wasu sinadarai masu daddatsa kolajin cikin 'yan sa'o'i. Jiki na gyarawa, amma gyaran ba ya cika, ɓaraguzai su yi ta taruwa shekara da shekaru.

Ga inda abin yake da ban tausayi. Masaƙin da ya kama datsattsen zare ba ya jin tauri idan ya ja, sai ya tsuke. Da ya tsuke sai ya rage yin sabon kolajin, ya kuma ƙara fitar da sinadaran datsawa. Ɓarna ta haifi ɓarna. Masu binciken na Mishigan sun gwada wani abu a 2007: suka yi wa tsofaffi allurar wani abu mai kauri a fatar hannu, wanda ba kolajin ba ne, aikinsa kawai ya buɗa wuri ya ɗame saƙa. Tsofaffin masaƙan suka sake miƙewa suka koma yin kolajin. Ashe ba su mutu ba, ba kuma kayan aiki suka rasa ba, abin ja suka rasa. Wannan ba kira ba ne ga kowa ya je a tsira masa allura a shagon kwalliya. Abin da gwajin ya koyar shi ne muhimmi.

Baƙar fata na da kariya ta gaske daga rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Hayaƙin taba ma yana tayar da sinadaran datsawar. Mata kuma na rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗin fata a shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada.

Sukari ta wata hanya yake ɓarna. Kolajin ɗin fata yana daɗewa ƙwarai, sai an yi kimanin shekaru 15 kafin rabinsa ya sauya. A tsawon wannan lokaci sukarin jini na manne masa, ya ƙanƙame zaruruwa su yi ƙyamas, ƙwayoyi su kasa kama su yadda ya kamata. A gyambon ƙafar mai ciwon sukari kuma sinadaran datsawa kan yi yawa har su cinye sabuwar saƙa tun kafin ta tsaya, ƙwayoyin hawan sama da ya kamata su rarrafo su rufe ciwon su rasa abin takawa. Idan aka haɗa da toshewar jijiyoyin jini da mutuwar jijiyoyin ji, sai ƙaramin tuntuɓe ya kai mutum ga yanke ƙafa.

Abin da man bilicin ke yi wa saƙa

Yawancin masu bilicin launi suke nema, ba su san mai ya wuce launi ya sauka ƙasa ba. Da yawa daga cikin mayukan da ake haɗawa a kasuwa suna ɗauke da magungunan sitiroid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, waɗanda aka yi don a shafa na ɗan lokaci a kan cutar fata bisa umarnin likita. Sitiroid yana shiga cikin masaƙa ya kulle umarnin kolajin kai tsaye, ya kuma rage abin nan mai riƙe ruwa. Saƙa ta yi ta sirancewa, masaƙa su rasa abin ja, zagayen nan na ɓarna ya kankama a jikin 'yar shekara 25.

Alamomin sanannu ne: koren jijiyoyi su bayyana a hannu da cinya, nankarwa mai faɗi ta tsaga hammata da cinyoyi, ɗan bugu kaɗan ya bar shaida, ciwo ya ƙi warkewa. Ranar da aka zo tiyatar haihuwa ko wata tiyata, fatar da ta sirance ba ta riƙe ɗinki da kyau. Nankarwa kuwa yagewar saƙa ce, tana iya dusashewa amma ba ta komawa kamar da. Haidurokwinon, wani sinadarin da ake sawa a man bilicin, idan an daɗe ana shafa shi yana barin baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu, sinadarin makuri da ake sawa a wasu mayukan kuma ƙoda yake taɓawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayen da ke shafa wa ƙananan yara, waɗanda fatarsu ta fi ta manya saurin zuƙar magani. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan mai ta nemi likitan fata ya tsara mata yadda za ta bari, domin yankewa lokaci guda kan sa fata ta yi bore da ƙuraje da raɗaɗi.

Tabo, da tabon da ya ƙi tsayawa

Idan fata ta yanke har ƙasa, masaƙa na garzayowa, wasunsu su rikiɗe su zama masu ƙarfin ja irin na tsoka. Giulio Gabbiani ne ya fara bayyana su a Janiba ta Suwizalan a 1971. Suna jawo bakin ciwo su haɗe shi, suna zuba kolajin da gaggawa, a jere ta fuska ɗaya maimakon saƙa mai shiga juna ta lafiyayyar fata. Shi ya sa tabo ba ya fitar da gashi ko gumi, kuma ko ya warke sarai ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na asali. Idan aiki ya ƙare, ja ya lafa, waɗannan masaƙa sai su mutu, tabo ya kwanta.

Wani lokaci ba su tsayawa. Sun zuba kolajin, wurin ya yi tauri. Taurin ya tura YAP cikin cibiya ya kuma buɗe kwanson TGF-beta. Su biyun suka ce a ƙara kolajin. Wurin ya ƙara tauri. Idan tabon ya tashi amma ya tsaya iya inda ciwon yake, sau da yawa yana lafawa da kansa. Idan ya tsallake iyaka ya shiga lafiyayyar fata, yana ƙaiƙayi yana zogi yana girma shekara bayan shekara, shi ne keloyid, kuma ya fi kama baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Yana bin dangi, ya kuma fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30.

Rei Ogawa, likitan tiyata a Tokyo, ya jawo hankali ga wuraren da ya fi fitowa: tsakiyar ƙirji, kafaɗa, saman baya, muƙamuƙi, ƙasan ciki, duk wuraren da fata ke miƙewa tana dawowa dare da rana. Da wuya a gan shi a tsakiyar kai ko a ƙwauri, inda fata ke kwance kan ƙashi ba ta motsi. Tun 1861 Karl Langer na Biyana ta Ostiriya ya zana layukan da fata ke ɗamewa a jiki, kuma har yau likitan tiyata na ƙoƙarin yanka ta inda ɗinki ba zai sha ja ba. Sai dai fatar kunne ba ta shan wani ja, ga shi kuma keloyid na sonta. Wannan ya nuna ja kaɗai bai isa ba, akwai gado, akwai kuma kumburin da ke daɗewa a huji idan ɗan kunne na ta gurzarsa ko ya yi ruwa.

A ƙasar Hausa ana huda kunnen 'ya mace tun tana jaririya, kuma wannan ya fi sauƙin haɗari: wani bincike a Amurka ya nuna hujin da aka yi daga shekara 11 zuwa sama ya fi jawo keloyid. Hujin da budurwa ke ƙarawa na biyu da na uku, da na saman kunne da na hanci, nan ne matsalar ta fi yawa. Gidan da aka san akwai mai keloyid, ya kamata a yi hattara da ƙarin huji, da tsaga, da ƙaho, da duk yankan da ba dole ba. Samari masu ƙurajen ƙeya su ma su rage askin da ke kankare wurin, domin ƙurajen kan haɗe su zama tabo mai tauri.

Babban kuskure shi ne a kai wa wanda zai yanke shi kawai, ko a ɗaure shi da zare, ko a ƙona shi da wani abu mai ci. Duk sabon ciwo ne a fatar da ta riga ta nuna halinta, kuma yanka shi kaɗai ba tare da wani magani ba yana dawowa a rabin mutane ko fiye, sau da yawa ya fi na da girma. A asibiti ana haɗa hanyoyi: allurar sitiroid a cikin tsiron, manna silikon na watanni, ɗan kunne mai matsewa, wani lokaci tiyata a bi ta da gashin na'ura irin wanda ake yi wa masu ciwon kansa. A lura, sitiroid ɗin da ke cinye fatar mai bilicin shi ne magani a nan, domin kulle umarnin kolajin ake nema, a wuri ɗaya, da awo.

To, kolajin na sha da na shafawa fa?

Na shafawa maganarsa gajera ce. Abin da zai ratsa lafiyayyar fata sai ya zama ƙarami ƙwarai, cikakken kolajin kuwa ya ninka wannan iyaka sau ɗaruruwa. Yana zama a sama ya riƙe danshi, fata ta yi laushi na yini. Man kaɗanya ma na ba da laushi.

Na sha akwai ja-in-ja a kansa. Ciki na narkar da kolajin kamar kowane furotin, babu abin da ke ɗaukarsa ɗungurungum ya kai fuska. Masu goyon baya suna kafa hujja da binciken da aka yi a Japan a 2005, wanda ya nuna wasu 'yan guntayensa na shiga jini, suna kuma cewa guntayen na iya zaburar da masaƙa. Hujjar ba ta banza ba ce, ta ma dace da abin da aka bayyana a sama, tunda saƙo suke magana a kai. Akwai kuma gwaje-gwajen da suka nuna ɗan ƙarin danshi da santsi bayan wata biyu zuwa uku. Masu suka na cewa a duba wanda ya biya kuɗin gwajin. A 2025 wasu masu bincike daga Koriya ta Kudu suka tattara gwaje-gwaje 23, suka ga amfanin na fitowa a waɗanda kamfanoni suka ɗauki nauyi, amma a waɗanda ba su da hannun kamfani bai fito ba.

A ganina, mai kuɗin da ya ga dama ya saya bai yi laifi ba, amma matar da za ta rage kuɗin cefane don gwangwanin kolajin an cuce ta. Masaƙa na haɗa kolajin ɗinsu da kansu daga kowane furotin, na wake ne ko kifi ko ƙwai ko nama. Ganda abinci ce mai daɗi, sai dai furotin ɗinta bai kai na waɗannan cika ba. Abin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi shi ne bitamin C, wanda ke sa zaren ya murɗe ya yi ƙarfi. A tafiyar jiragen ruwan Ingila ƙarƙashin George Anson a shekarun 1740, an rubuta yadda tsofaffin raunukan da suka warke shekaru da yawa suka sake buɗewa a jikin matuƙan da suka daɗe ba su ci ɗanyen abu ba. Gwaiba da lemo da garin 'ya'yan kuka da tattasai sun wadatar. Cikin abin shafawa kuma, wanda ya fi ƙwaƙƙwarar hujja shi ne dangin bitamin A irin su tiretinoyin, da ke danne sinadaran datsawa ya tayar da yin kolajin. Magani ne na likita, kuma mai ciki ba ta amfani da shi.

Inda bincike ya dosa

Ɗan tayi a watannin farko na ciki, idan aka yi masa tiyata, fatarsa na warkewa babu tabo. Saƙarsa laushi gare ta, cike da abin riƙe ruwa. A 2012 Ashley Seifert ya ba da rahoton wani ɓera mai ƙayoyi a baya da ya kama a Kenya, wanda danginsa ke zaune har a duwatsun Azbin na Nijar. Fatarsa na yagewa cikin sauƙi idan maƙiyi ya cafke shi, sannan ta sake tsirowa da gashinta, har hujin kunnensa na cikewa. Saƙar da yake zubawa a ciwo sako-sako ce, ba ta taurara da wuri irin tamu.

A 2021 ɗakin binciken Michael Longaker a Jami'ar Stanford ya gwada toshe YAP a raunin ɓeraye na gida, da wani maganin ido mai suna bateporfin. Masaƙan ba su buɗe umarnin tabo ba, raunin ya cike da fata mai gashi da ƙarfi irin na asali. An maimaita gwajin a kan aladu, waɗanda fatarsu ta fi kusa da ta mutum, aka ga tabo ya ragu. Har yanzu ba a amince da maganin don tabon ɗan Adam ba, kuma keloyid da ya shekara goma a ƙirji ba ɗaya yake da sabon yankan da aka yi wa allura a ranar farko ba. Wanda ya riga ya iso hannun marasa lafiya shi ne na yaran nan masu salewar fata: a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wanda ake ɗigawa a kan rauni ya kai wa ƙwayoyin fata lafiyayyen umarnin kolajin 7, su saƙa abin riƙon da kansu. Ana maimaita shi mako-mako, kuma kuɗinsa a shekara ya kai ɗaruruwan dubban daloli ga mutum ɗaya.